Hular Malam Ƙasimu a Kan Ƙusa

Kullum in ya dawo daga sallar asuba, Malam Ƙasimu yakan sha kunu kofi ɗaya a tsaye, ya goge tabarau da gefen riga, ya turo tsohon babur ɗinsa daga soro. Ba ya tayar da shi a cikin lungu. Da hannu yake tura shi har bakin titi, wai kada ya tashi jariran unguwar Sheshe daga barci, alhali kowa ya san babur ɗin ne ba ya tashi sai an tura. Daga nan ya kama hanyar Ƙofar Ɗan Agundi, inda yake da ɗan shago tsakanin mai walda da mai sayar da bel ɗin injin niƙa. Yana buɗewa zai share ƙasa, ya yaye tsohon zanen atamfa da yake lulluɓe kwamfutarsa da shi, ya yi bisimilla ya kunna ta. Kafin ta gama farkawa ya gaisa da maƙwabta har da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, don tsohuwa ce, ba ta son a matsa mata. Sannan ya zauna, ya cire hularsa, ya rataye ta a kan wata ƙusa da ke jikin bango.

Baƙo in ya shigo ya ga dattijo mai furfura zaune da kai a buɗe, sai ya ɗauka zafi ne ya dame shi. Ba zafi ba ne. Hular nan da ƙusar nan suna da labari, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Sana'ar Malam Ƙasimu zanen sassan injina ce. In wani ƙarfe ya karye a cikin injin niƙa ko injin ban ruwa, aka zaga kasuwa ba a samu irinsa ba, shi ake kawo wa gutsattsarin. Ya auna, ya zana shi a kwamfuta kamar kana iya ɗaukarsa da hannu, ya ba masu yankan ƙarfe su fitar da sabo. Da fensir da takarda ya fara, a wata masaƙa, tun yana matashi. Ranar da masaƙar ta rufe, abokan aikinsa suka watse, wasu kasuwa, wasu gona. Shi kuwa, yana da shekara arba'in da biyar, ya sayi kwamfuta ta hannu, ya zauna da yatsa ɗaya yana koyon manhajar zane, yaran da suka girmi 'ya'yansa da kaɗan suna yi masa dariya. Bai kula su ba. Yau shekararsa talatin da huɗu a kan zane, tun daga fensir har kwamfuta, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye, domin yanar ido ta fara rufe masa gani, lambobin da ke kan allo sun koma masa hazo-hazo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, rabin Gwale sun sha koko da garin da ya bi ta cikin ƙarfen da mutumin nan ya zana, amma in ka tsayar da mutum goma ka ambaci sunansa, tara za su ce wane Ƙasimun. Ana shirya wa mutane walima don sun yi shekara huɗu a kujera. Shi ko shayi ba wanda ya ce a haɗa.

Kafin labarin hula, sai na bayyana abu ɗaya, kamar yadda shi da kansa yake bayyana wa masu kawo masa aiki. A cikin ƙwaƙwalwarta kwamfuta ta san da'ira sarai. Amma in za ta nuna ta a allo, ko za ta miƙa ta ga irin tsofaffin injinan yankan ƙarfen da muke da su, sai ta jera 'yan gajerun layuka miƙaƙƙu, kan wannan a gindin wancan, har su zagayo, kamar mutum ya jera tsinken ashana yana kwaikwayon bakin kwano. In tsinken kaɗan ne, aiki ya yi sauri, amma da'irar tana da kusurwoyi. In ya yi yawa, da'ira ta yi sumul, amma nauyi ya danne kwamfutar har ta kasa motsi. A cikin manhajar akwai wurin saiti, ka ja shi nan ka samu sauri, ka ja shi can ka samu daidaito. Malam Ƙasimu yana kiran na farkon kayan aiki, na biyun kayan Juma'a. Yakan ce da kayan aiki ake zane, amma ba a aika zane wajen yanka sai an sa masa kayan Juma'a.

Sau ɗaya ya manta, shekara tara da suka wuce.

A Sheshe akwai ƙungiyar mata ashirin da bakwai masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shugabarsu Hajiya 'Yardada, mace mai kaifin harshe wadda ba ta iya zagaye-zagaye ba. Suna da injin matse mai guda ɗaya, wanda wata ƙungiyar agaji ta kawo musu tun da daɗewa, ta naɗe kayanta ta tafi ba a sake jin ɗuriyarta ba. Kafin zuwan injin, a turmi suke matsa, da ruwan zafi da ƙarfin damtse, wuni guda ba su fi kwalba biyu ba, da dare kuma a kwana ana shafa wa wuyan hannu man zafi. A kakar waccan shekara, bayan sun cika ɗaki da buhunan gyaɗa, wani farantin ƙarfe da ke bakin injin ya tsage gida biyu. Ta cikin ramin da ke tsakiyar wannan faranti babbar sandar injin take juyawa. Aka zaga kasuwannin Kano kaf, babu irinsa. Mai ɗakin da injin yake ciki ya ce in ya mutu a fitar masa da gawar, yana da abin yi da ɗakinsa. Auwalu mai sayen tsofaffin ƙarafa kuma ya fara wucewa ta lungun sau biyu a rana yana gaishe su da ladabin da ba a san shi da shi ba. A ƙarshe aka tsayar da magana: mako biyu. In Asabar ta biyu ta zo injin bai tashi ba, Auwalu ya ɗora shi a kura, mata su koma turmi.

'Yardada ta ƙulle gutsattsarin farantin a tsohon ɗankwali, ta hau adaidaita sahu har Ƙofar Ɗan Agundi, ta zube su a kan teburinsa. Ta gaya masa cewa an ce mata yana iya sa kwamfuta ta haifi ƙarfe, ita ba ta yarda ba, amma ba ta da wani wurin zuwa. Ya ce mata kwamfuta ba ta haihuwa, amma zai gwada.

Kwana uku yana aunawa yana zanawa. Kuma da yake mutum ne mai son ya ga komai a muhallinsa, bai tsaya ga farantin kaɗai ba. Ya zana bakin injin gaba ɗaya, da notuna, da zaren jikin kowane noti, har sunan kamfanin da aka rubuta a jikin tsohon farantin sai da ya kwafe shi baƙi-baƙi. Kwamfutar ta fara nishi. In ya juya zanen don ya ga bayansa, sai ya ɓare goro ya ci rabi kafin ta juyo. Don haka ya yi abin da kowane mai zane yake yi, ya mayar da saiti kan kayan aiki. Nan take ta warware, aiki ya ci gaba.

Ranar Laraba da hantsi Mikail ya bugo waya. Mikail shi ne mai injin yankan ƙarfe irin wanda kwamfuta ke sarrafawa, can wajen Sharaɗa. Injin tsoho ne, amma mai biyayya, abin da aka ba shi a fayil shi yake yankawa, ba ya tambaya. Ya ce an kawo musu wuta, in fayil bai iso cikin awa ɗaya ba zai ɗora wani aikin da ba zai sauka ba sai mako mai zuwa. Ya kuma tuna masa cewa irin ƙarfen da zai jure wannan aiki, guntu biyu kacal gare shi. Malam Ƙasimu ya kwafe fayil a filas, ɗan ƙaramin ma'ajin kwamfuta, ya rufe shago, ya roƙi mai walda ya tura masa babur. Zanen ya tafi Sharaɗa da kayan aiki a jikinsa. Mikail kuwa bai duba ba, don a lokacin ba a duba fayil ɗin Malam.

Ranar Asabar ta farko Mikail da Malam suka kawo sabon faranti yana ta ƙyalli. Mata suka cika ɗakin har ƙofa. Da aka zo zura shi a jikin sanda ya ɗan ƙi, aka ce ai sabo ne, zai saki, aka shafa masa giris aka bubbuga shi da katako ya shiga. Aka tayar da injin, mata suka rangaɗa guɗa, aka zuba gyaɗa. Bai cika minti bakwai ba ya fara wani irin kuka mai shiga haƙori. Warin ƙuna ya tashi, bel ya yi ta zamewa yana hayaƙi, sai ji aka yi ƙas, komai ya tsaya. Da aka kwance, sandar injin, wadda babu irinta a ƙasar nan, ta sami ƙarzuwa a zagaye.

Matan suka yi ca a kan Mikail. Wata ta ce dama injinsa ya tsufa, wata ta ce gaggawa ya yi, wata ta ce tun da ta ga yadda yake bubbuga abu da katako ta san ba gwani ba ne. Mikail ya tsaya yana zufa. Babu wanda ya kalli Malam Ƙasimu, don a ganinsu wanda ya taɓa ƙarfe shi ne mai laifi, mai zane me ya haɗa shi da wannan. Da ya yi shiru ya koma gida, har yau da babu wanda ya sani.

Ya jira farantin ya huce, ya goge giris ɗin da tsumma, ya zura yatsa cikin ramin ya zagaya a hankali. Ido yana ganin rami zagayayye. Yatsa kuwa ya ji gefe, ya ji kusurwa, ya ji gefe, ya ji kusurwa, har talatin da shida. Mikail ya ce ya ga lokacin da fuskar Malam ta canza, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ku ƙyale Mikail," in ji shi, ba da ƙarfi ba. "Abin da na ba shi ya yanka, bai ƙara ba bai rage ba. Ni ne na manta ban mayar da saiti ba. Laifina ne, Hajiya."

'Yardada ta daɗe tana kallonsa.

"Ni ban san saiti ba, Malam," ta ce. "Asabar na sani. Za ka iya, ko in ce wa Auwalu ya shafa wa kurarsa mai?"

"Kada ki ce masa komai tukuna."

Kai ne, Malam Ƙasimu, ka tsaya a gaban mata ashirin da bakwai da ransu ya ɓaci, ka ɗauki laifin da ba wanda ya miƙo maka. Na ga manya da rawani sun kasa yin haka a kan abin da bai kai wannan ba. Wannan kaɗai ya isa a jinjina maka, amma ba a nan ka tsaya ba.

Saura kwana bakwai, saura guntun ƙarfe ɗaya. Ranar Lahadi ɗan ƙanensa Nazeer ya zo gaishe shi. Nazeer injiniya ne da digirinsa, a lokacin yana aiki a wani kamfanin roba, ya saba da kwamfutoci masu gudu kamar walƙiya. Da ya ji abin da ya faru, ya ce ai magani a fili yake, a ja saiti zuwa ƙarshe, a ba komai cikakken daidaito, daga ramin har notuna, yadda ko da madubin likita aka duba ba za a ga kusurwa ba. Da a wata rana ce, da Malam ya yi masa murmushi kawai. Amma mutumin da kunya ta kama yakan rungumi duk shawarar da ta yi nisa da kuskurensa. Ya yarda.

Ranar Litinin tun da safe aka ja saiti har ƙurya, aka ce wa kwamfuta ta fitar da fayil. Ta yi tsaye cak, fanka na ta kuka a cikinta. Aka yi azahar tana nan. Kafin la'asar aka ɗauke wuta, batir ya riƙe na ɗan lokaci ya saki, aikin wuni ya tafi a banza. Ranar Talata mai walda ya ja musu waya daga janaretonsa, ya haƙura da rabin aikinsa, fayil ya fito gab da magariba. Ranar Laraba aka kai Sharaɗa, injin Mikail ya ƙi haɗiye shi, ya yi masa girma. Suka gutsuttsura shi suka gwada a kan katako, wuƙar injin ta riƙa tafiya tana tsayawa tana karkarwa, saboda layukan sun yi ƙanƙanta sun yi yawa, kafin ta karanta wannan wancan ya iso. Ramin da ya fito ya fi na farko muni. Mikail ya kashe injin, ya ce da girmamawa amma ba da wasa ba, shi ba zai ɗora guntun ƙarfe na ƙarshe a kan wannan ba. Kwana uku sun tafi, Nazeer ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ranar Alhamis Malam Ƙasimu bai tura babur ba. Ya taka da ƙafa zuwa ɗakin injin, ya tarar da 'Yardada tana juya buhuna don kada ƙwari su shiga. Ya gaishe ta, ya roƙe ta aron kwalli. Ta ce da ta san kwalliya ya zo yi da ta haɗa masa da madubi, amma ta aika gida aka kawo tandun. Ya zauna a ƙasa, ya bi ƙarzuwar sandar da samfefa mai laushi har ta kwanta, ya sake auna kaurinta, don yanzu ta ɗan rame. Sannan ya kwaɓa kwallin da ɗigon man gyaɗa, ya shafe sandar da bakin injin, ya mayar da lalataccen farantin, ya juya da hannu sau uku, ya cire. Ya fito da shi bakin ƙofa inda haske yake. Baƙin kwalli ya kama cikin ramin, ya kuma kama wani siririn zobe a fuskar farantin. Shi ke nan. Duk sauran jikinsa tas yake, babu abin da yake taɓa shi sai iska da tunkuza.

'Yardada ta ce ta ga ya yi dariya shi kaɗai, ta ɗauka kansa ne ya taɓu. Ya miƙa mata tandunta ya ce mata kwallinta ya fi kwamfutarsa ilimi.

Ya koma shago ya kira Nazeer ya zo ya gani. Ya buɗe zanen ya fara zubar da kaya. Notuna suka tafi, zaren jikinsu ya tafi, sunan kamfanin da ya sha wahalar kwafewa ya goge shi, yana cewa wannan alfahari ne ya sa shi zana shi, ba aiki ba. Sannan ya raba farantin gida uku. Ramin tsakiya da siririn zoben nan, inda kwalli ya kama, ya ba su saitin da kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashi ba. Hanyoyin da mai ke bi ya ba su matsakaici. Gefen waje ya bar shi da kayan aiki. Nazeer ya kasa haƙuri.

"Baba, gefen nan fa zai fito da kusurwoyi."

"Zai fito da su. Wa zai shafa shi? Inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, nan nake bin gashi. Inda ba ya haɗuwa da komai, ba zan kashe kwamfuta a kansa ba."

Fayil ya fito kafin shayin da ke gabansu ya huce. Ya jawo ramin ya cika allo da shi, ya bi gefensa yana neman kusurwa, bai samu ba. Ya kwafe a filas ya miƙe. Sai da ya kai bakin ƙofa iska ta taɓa masa kai, ya tuna ya cire hula saboda zufa ya rataye a wata ƙusa. Ya dawo ɗauka. Yana miƙa hannu idonsa ya sauka a kan allo, sai ya ga ai ga dama, ya sake duba saitin tun daga farko. Daidai yake. Ya sa hularsa, ya tsaya yana kallon ƙusar nan na ɗan lokaci kafin ya fita.

Ranar Juma'a da sassafe Mikail ya gwada a katako, wuƙa ta tafi sumul ba tsayawa. Ya yi bisimilla ya ɗora ƙarfen ƙarshe. Suka gama kafin kiran salla, suka tafi masallaci da farantin naɗe a jarida. Bayan an sauko suka wuce Sheshe. Wannan karon kafin a taɓa injin, Malam ya rufe ido ya zagaya ramin da yatsa, sau biyu. Ya miƙa wa Mikail shi ma ya zagaya. Farantin ya shige jikin sanda da hannu, ba a nemi katako ba.

Aka tayar. Babu wadda ta yi guɗa. Mata ashirin da bakwai suka tsaya hannu a ƙirji suna sauraron injin kamar masu sauraron numfashin mara lafiya. Minti bakwai suka wuce. 'Yardada ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙarfen tana jiran zafi, bai zo ba. Ta zuba gyaɗa mudu ɗaya, ta ƙara wani. Mai ya fara ɗiga, sannan ya miƙe siriri ya fara zuba a kwano. Ta zauna a kan buhu ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Waɗanda suka san ta sun ce ko ranar rasuwar mijinta ba su ga ta yi haka a gaban mutane ba.

Ranar Asabar Auwalu ya iso da kurarsa kamar yadda aka yi. Tun daga bakin lungu ya ji ƙarar injin, ya rage sauri. 'Yardada ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli mai zafi a leda ta ce ya gaida gida. Ya ce to ko lalataccen farantin a ba shi, kada ya koma hannu rabbana. Malam Ƙasimu ya ce wannan nasa ne. Yana nan har yau a bangon shago, rataye a saman ƙusar hula, da kusurwoyinsa talatin da shida.

Tun daga wannan mako ya kafa wa kansa doka. In saiti yana kan kayan aiki, hula tana kan ƙusa. Hula ba ta komawa kai sai an mayar da saiti an duba. Dattijo kamarsa kuwa ba zai taka titin Kano da kai a buɗe ba, ko gobara ake yi. Don haka babu yadda za a yi fayil ya fita daga shagon nan da kayan aiki. Maƙwabta suka mai da abin abin tsokana, in mutum ya zo karɓar aiki sai mai walda ya leƙa ya ce masa ya samu wuri ya zauna, kan Malam a buɗe yake. Shi ma mai waldan ya shaida cewa ya ga ranar da wani ɗan kwangila ya tsaya a kan Malam yana buga tebur, mota na jira a waje, Malam bai ɗaga kai ba har sai da ya gama dubawa, ya sa hula, sannan ya miƙa masa. Mikail ya ce shekara tara bai sake karɓar rami mai kusurwa daga wajensa ba, amma duk da haka kowane aiki sai ya zagaya shi da yatsa, don Malam ya ce in bai yi ba zai daina kawo masa.

A watan jiya farantin nan na biyu ya cinye, bayan shekara tara yana aiki. 'Yardada ta sake zuwa da shi a ɗankwali, yanzu da sanda take tafiya, amma harshen yana nan. Malam ya buɗe tsohon fayil, ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa allo, bai iya karanta lambobin ba. Ya tashi daga kujerar da ya shekara ashirin a kanta, ya ce Nazeer ya zauna. Nazeer ya bar kamfanin roba tun bara don ya karɓi shagon, mutum ne mai iyali yanzu, amma har lokacin bai saba da hula ba. Malam ya zauna a benci a gefe, hularsa a kan ƙusa. Sandar injin ta ƙara ramewa, sai da aka gyara awon ramin. Nazeer ya sauke saiti don aiki ya yi sauri, ya gyara, ya kwafe a filas, ya miƙe yana cewa bari ya yi sauri kafin Mikail ya tafi cin abinci.

Nazeer ya kai bakin ƙofa, ya juyo don ya yi sallama, ya ga baffansa zaune da kai a buɗe, hannu a kan gwiwa, ko motsi bai yi ba. 'Yardada ma ta zuba masa ido. Ya dubi ƙusar, ya dubi farantin da ke samanta. Ya dawo ya zauna ya buɗe saiti. Yana kan kayan aiki. Ya gyara ramin da zoben, ya bar gefen waje yadda yake, ya jawo ramin ya cika allo, ya bi shi kaf. Sannan ya tashi ya sauko da hular da hannu biyu, ya durƙusa ya miƙa. Washegari mai walda ya ji ana buga ƙusa ta biyu a bango, ya leƙa ya ga Nazeer da sabuwar hula, ta ɗan yi masa yawa.

Injin matan Sheshe yana aiki yau da nake wannan rubutu. Daga ɗakina ina jin ƙararsa.

Malam Ƙasimu, mai zane da yatsa, mun gode. Kai ne ka koyi sabon aiki a shekarun da wasu ke neman wurin zama. Kai ne ka san inda ake bin gashi da inda ake wucewa, kuma ba ka ji kunyar koyon haka daga tandun kwallin tsohuwa ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin iyalinka. Ku kuma masu zane da masu yanka da ke tasowa, da ku da kwamfutocinku masu gudu, ku je Ƙofar Ɗan Agundi kafin wata ya ƙare. Ku gaishe shi, ku roƙi a sauko muku da farantin da ke bango, ku zura yatsa a cikin ramin ku ji. Kowa ya koma wurin aikinsa ya buga tasa ƙusar.

Kai kuwa, Malam, mun duba aikinka na shekara talatin da huɗu, mun zagaya shi da yatsa. Ɗauki hularka ka tafi gida.